'Yan Makarantar Da Ke Gyaran Gidajen Talakawa A Duwatsun Amurka

A kowace shekara, da zarar an rufe makarantu domin dogon hutu a ƙasar Amurka cikin watan Yuni, dubban samari da 'yan mata 'yan sakandare sukan shiga motocin coci-cocinsu, su kama hanyar wani yanki mai duwatsu da ke gabashin ƙasar wanda ake kira Afalashiya. Wasunsu sukan yini cur a mota kafin su isa. Abin da ke kai su shi ne gyaran gidajen mutanen da ba su taɓa gani ba: rufin da ke yoyo, daɓen katako da ya ruɓe, bangon da iska ke ratsawa lokacin sanyi. Mako guda suke yi, suna kwana a ƙasa cikin azuzuwan makarantun da aka ara musu. Ba a biyansu ko kwabo, hasali ma su ne ke biyan kuɗi kafin a yarda su zo.

Mai karatu zai iya mamakin jin cewa a ƙasar da ake yi wa kallon uwar masu arziki akwai tsohuwar da ke jera bokitai a tsakar ɗaki idan hadari ya taso, har sai yaran wasu sun zo daga nesa sun ɗora mata kwano. Kafin a gane yadda haka ta faru, sai an waiwayi tarihin wurin.

Bisa lissafin gwamnatin tarayyar Amurka, Afalashiya ta shafi jihohi 13, daga kudancin jihar New York har arewacin Misisipi, da gundumomi 423 da mutane wajen miliyan 26. Amma inda talauci ya fi kafa sansani shi ne tsakiyar yankin, watau gabashin Kentaki, da kudancin Bajiniya ta Yamma, da wani ɓangare na Bajiniya da Tenesi. Ƙasar kwal ce. Tun daga ƙarshen ƙarni na 19 kamfanoni suka riƙa sayen haƙƙin abin da ke ƙarƙashin ƙasa daga hannun manoma a kan kuɗi ƙalilan, suka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa cikin kwazazzabai, suka gina wa mahaƙa unguwanni na gidajen katako. An gina gidajen nan cikin gaggawa, da yawansu a kan turaku, ba domin su yi shekara ɗari ba. Gidan na kamfani ne, kantin na kamfani ne, a wurare da dama ma da wani kuɗin kamfani ake biyan lada, wanda ba ya sayen komai sai a kantin nan.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai al'amura suka juya. Aka shigo da injunan haƙa waɗanda mutum kaɗan ke sarrafawa, jiragen ƙasa suka bar kwal suka koma man dizal, gidajen birane suka koma ɗumama ɗaki da gas da mai. Kamfanoni suka sallami ma'aikata, suka sayar musu da tsofaffin gidajen ko suka bar su nan. Masu ƙarfi a jika suka yi ƙaura zuwa masana'antun Ohayo da Mishigan. Gundumar McDowell ta Bajiniya ta Yamma tana da mutum kusan 100,000 a ƙidayar 1950. A ƙidayar 2020 ba su kai 20,000 ba. Da yawa cikin waɗanda suka rage tsofaffi ne, da gwauraye, da tsofaffin mahaƙa masu fama da ciwon huhu wanda ƙurar kwal ke haddasawa. Mutumin da numfashinsa ba ya kai shi bakin ƙofa ba zai hau tsani ya gyara rufi ba, kuɗin fanshonsa kuma ba zai ɗauko kafinta ba.

Ba wai gwamnati ta naɗe hannu ba ne. A watan Afrilun 1964 Shugaba Lyndon Johnson ya je garin Inez na jihar Kentaki, ya tsuguna a barandar wani magidanci marar aikin yi, aka ɗauki hoton da ya zagaya duniya ya zama alamar shirin nan nasa na yaƙi da talauci. A 1965 aka kafa hukumar raya yankin Afalashiya, wadda ta zuba mafi yawan kuɗinta na farko wajen gina manyan hanyoyi. An kuwa ga amfani: a 1960 kusan kashi 31 cikin 100 na mutanen yankin matalauta ne, zuwa 2020 adadin ya sauko zuwa wajen kashi 15. Akwai kuma wani shiri na Ma'aikatar Aikin Gona da ke ba talakan karkara rancen gyaran gida da ruwan kashi 1 cikin 100, a biya cikin shekara 20, ya kuma ba wanda ya kai shekara 62 kyautar kuɗi wadda ta daɗe a kan dala 7,500 kafin a ɗaga ta zuwa dala 10,000. Sai dai duk ma'aikacin gwamnati ya san nisan da ke tsakanin shiri a takarda da kwano a kan gida. Akwai fom da za a cika, akwai takardar mallakar fili da dole a nuna, alhali filaye da yawa a can gado ne da ba a taɓa rabawa a hukumance ba, kuɗin kuma sau da yawa yakan ƙare a wajen ladan masu aiki tun kafin a kammala.

A cikin wannan giɓi ne wani limamin Kirista na ɗariƙar Metodis, Rabaran Glenn Evans, wanda aka fi sani da laƙabin Tex, ya ga abin da za a iya yi. Ya shekara 13 yana shugabancin wata cibiyar mishan mai suna Henderson Settlement a ƙauyen Frakes na Kentaki, saboda haka ya san gidajen ciki da bai. Yawon wa'azi kuma ya nuna masa cewa coci-cocin birane cike suke da matasa masu ƙarfi da ba su da abin yi lokacin hutu. A shekarar 1969 ya tara mutum 50, matasa da manya masu kula da su, a kwalejin Union da ke garin Barbourville, suka gyara gidaje huɗu. Daga nan ƙungiyar da ake kira Appalachia Service Project ta samo asali, wadda hedkwatarta ke birnin Johnson City na jihar Tenesi. Evans ya rasu a 1978. Manufar da ya bar wa ƙungiyar gajera ce, abu uku kawai: gida ya ƙara ɗumi, ya ƙara aminci, ya daina shan ruwa.

Wasu sun bi sawu. A 1975 aka kafa makamanciyarta a yammacin ƙasar, a 1977 kuma wasu matasa suka taru a jihar Kolorado domin gyara gidajen da ambaliyar kogin Big Thompson ta 1976 ta lalata, abin da ya zama mafarin wani babban shirin sansanonin aiki na matasan coci. Amma ta Evans ce ta fi daɗewa a wuri guda, ita ce kuma ta fi nuna yadda aikin ke tafiya.

Shirin tafiyar yakan fara tun watanni kafin hutu. Kowane yaro sai ya biya ɗaruruwan daloli, kuma yawanci ba daga aljihun iyaye kaɗai kuɗin ke fitowa ba. Yaran sukan wanke motocin jama'a a harabar coci, su dafa abinci su sayar, su bi 'yan'uwa da wasiƙun neman gudummawa. Wasu coci-cocin sukan ware ranakun Asabar su koya musu riƙon guduma da zarto da karanta awo. A can Afalashiya kuwa, 'yan jami'a da aka ɗauka aikin hutu, huɗu ko biyar a kowace cibiya, su ne ke bin gidajen da suka nemi taimako ɗaya bayan ɗaya, su leƙa ƙarƙashin daɓe, su hau rufi, su tsai da gidajen da za a taɓa a wannan shekarar. Masu nema kullum sun ninka waɗanda za a iya kaiwa gare su, saboda haka ɗan shekara 20 ne zai koma ya gaya wa dattijon da ya yi jika da shi cewa bana ba za a samu zuwa gidansa ba. Wannan shi ne ɓangaren aikin da ba a ɗaukar hotonsa.

Ranar Lahadi ayari ke sauka. A raba su rukuni-rukuni, galibi yara biyar da manya biyu, kowane rukuni da gidansa. Daga Litinin zuwa Juma'a, da safe a yi addu'a a karya kumallo, a loda katako da kusoshi a mota, a nufi kwazazzabo. Aikin da suka fi yi shi ne ɗora rufin kwano, da sauya katakon daɓe, da cusa wani abu mai kamar auduga a bango da ƙarƙashin ɗaki domin tare sanyi, da haƙa lambatu a bayan gida domin ruwan da ke gangarowa daga dutse ya sami hanya, da gina gangaren katako a ƙofar wanda ke kan keken guragu. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne ga mai shi, domin matakala huɗu sun isa su tsare mutum a ɗaki shekara guda, ko asibiti ba ya zuwa sai an ciccibe shi. Gidaje da yawa kuma irin waɗanda ake ƙerawa a masana'anta ne a jawo su da tirela. Sai a watan Yunin 1976 gwamnatin tarayya ta fara tilasta ƙa'idar ƙera irinsu, don haka waɗanda suka girmi wannan shekarar bangonsu siriri ne, daɓensu kuma wani katakon gari ne da ke narkewa kamar tuwo idan ruwa ya taɓa shi.

Tambayar da kowa zai yi ita ce, me yaro ɗan shekara 15 da bai taɓa buga kusa ba zai iya yi cikin kwana biyar? Amsar gaskiya ita ce kaɗan. Abin da kafinta biyu za su gama a yini biyu, rukunin yara yakan kwashe mako yana kai, wani lokaci ma sai an ɓamɓare na jiya an sake. Lissafin ƙungiyar da kansa ya nuna haka. Zuwa cikarta shekara 50 a 2019, kimanin mutum 400,000 ne suka yi aiki a ƙarƙashinta, gidajen da aka gyara kuma kimanin 18,000. Idan aka raba, kowane gida ya ci hannun mutum 22.

Sirrin yana cikin wannan adadi. Gida ɗaya ba na rukuni ɗaya ba ne. Waɗanda suka zo makon farko su cire tsohon rufi su gyara katakon da ke ɗauke da shi, ranar Juma'a su rubuta inda suka tsaya da abin da ya rage, ranar Asabar su tafi. Ranar Litinin wasu yaran daga wata jiha, waɗanda ba su san na farko ba kuma ba za su taɓa haɗuwa ba, su karanta takardar su ɗora daga nan. Haka za a yi ta miƙawa mako bakwai ko takwas. 'Yan jami'ar nan su ne igiyar da ta ɗaure aikin: kullum suna zagaya gidajen, da dare su zauna da manyan kowane rukuni a duba abin da aka yi, a tsara na gobe, sama da su kuma akwai masana gini na dindindin. Idan aka cire wannan tsari, abin da zai rage shi ne yara masu kyakkyawar niyya da rufin da ya fi na da yoyo, domin kwanon da aka buga wa kusa ba daidai ba ya fi tsohon da aka cire ɓarna.

Bahaushe zai ce ai wannan aikin gayya ne, kuma ya yi kusa da gaskiya. Amma akwai bambanci mai nauyi. A gayya mai gida ne ke kira, shi ke dafa abinci, waɗanda suka zo maƙwabtansa ne, gobe kuma shi zai ɗauki fartanyarsa ya je tasu. Ba wanda ya fi wani. A nan kuwa baƙi ne 'ya'yan masu hali suka zo daga birni, suka shiga har uwar ɗakin mutum suka ga abin da yake ɓoyewa, kuma ba shi da ranar ramawa. Mutanen duwatsun nan kuwa an san su da gudun raini, kuma suna da dalili. Tun daga shekarun 1960 'yan jarida ke tururuwa suna ɗaukar hoton yaransu marasa takalmi ana nuna wa duniya. A watan Satumbar 1967, a gundumar Letcher ta Kentaki, wani mai gidajen haya ya harbe wani mai shirya fim ɗan ƙasar Kanada, Hugh O'Connor, har lahira, saboda ya tarar da shi yana ɗaukar hoton wani mahaƙi da ke haya a gidansa. Shekara biyu kacal tsakanin wannan kisa da ranar da Evans ya kawo baƙinsa 50 cikin wannan yanki.

Shi ya sa ya kafa ƙa'idar da har yanzu ake nanata wa kowane ayari, cewa a karɓi mutane a yadda aka same su. Ba a gindaya wa mai gida sharaɗin zuwa coci, ba a yi masa wa'azi a kan sigarinsa ko tarkacen da ke tsakar gidansa. Ana koya wa yaran su ajiye guduma idan mai gida ya fito yana son hira, kuma da rana sukan ci abinci a barandarsa, sau da yawa sun ƙullo har da rabonsa. Wanda ke da iko cikin iyalin yakan sa hannu a aikin. Tsohon mahaƙin da ba ya iya hawa tsani yakan zauna a kujera yana nuna wa yaro yadda ake riƙe zarto, wanda shi ma wata hanya ce ta biya. Ranar Alhamis da yamma a gayyaci iyalan duka a ci abinci tare a fili. Ko wannan ya share bambancin da ke tsakani? Bai share ba. Ranar Asabar ɗaya zai koma gida mai bene, ɗaya zai ci gaba da zama a kwazazzabo inda babu aikin yi.

Masu sukar irin wannan tafiya ba yau suka fara ba, kuma da yawansu 'yan coci ne. A 1968, malamin nan Ivan Illich ya tsaya gaban ɗaliban da ke zuwa aikin sa kai a ƙauyukan ƙasar Meziko, ya gaya musu ƙiri-ƙiri cewa su daina zuwa da sunan taimako, domin ba su san harshen mutanen ba balle damuwarsu. Bayan guguwar Mitch ta 1998 ta ragargaza ƙasar Honduras, wani malamin jami'a Ba'amurke, Kurt Ver Beek, ya bi diddigin gidajen da ayarin coci-cocin Amurka da Kanada suka je suka gina. Ya gano cewa ayari yakan kashe wajen dala 30,000 a tafiyar gina gidan da ƙungiyoyin ƙasar ke ginawa da dala 2,000, cewa iyalan da baƙi suka gina wa ba su fi sauran samun wani alheri mai ɗorewa ba, kuma cewa kyautar da matafiyan ke bayarwa bayan sun koma gida ba ta ƙaru da wani abin kirki ba. A 2009 Steve Corbett da Brian Fikkert suka fitar da littafi mai suna When Helping Hurts, wanda ya sa coci-coci da yawa suka sake duba tafiye-tafiyensu.

Wannan suka ta fi kama masu hawa jirgin sama zuwa ƙasashen waje fiye da masu shiga mota zuwa Kentaki. A nan babu kuɗin jirgi, babu otal, harshe ɗaya ne, kayan gini a kantunan yankin ake sayen da dama daga cikinsu, ƙungiyar kuma tana komawa gundumomin nan shekara da shekaru, saboda haka idan rufin bara ya yi yoyo mai gida ya san ƙofar da zai buga. Duk da haka akwai abin da ya rage na tambayar: da an tara kuɗin nan an ba kafintocin yankin, da ba a gyara gidaje fiye da haka ba, an kuma samar wa 'yan gari aiki? A lissafi, haka ne. Sai dai masu kare shirin suna da hujjar da ke da wuyar turewa, wato cewa kuɗin ba zai taru ba in ba yaran za su je ba. Kakar da ta ba jikanta dala 50 domin tafiya ba za ta aika wa wani ofishi a Tenesi ita ba. Yaran su ne ma'aikata, su ne kuma hanyar kuɗin. Ƙungiyar ma ba ta ɓoye cewa rabin manufarta yaran ne, su ga yadda wasu 'yan ƙasarsu ke zaune. Da yawa cikin 'yan jami'ar da ke riƙe da cibiyoyin, da manyan da ke rako ayari, da can su ma yaran da aka kawo ne.

A 'yan shekarun nan ruwa ya sauya fasalin aikin. A watan Yunin 2016 ambaliya ta kashe mutum 23 a Bajiniya ta Yamma, ta cinye garin Rainelle, inda ƙungiyar ta shiga gina sababbin gidaje tun daga tushe. A watan Yulin 2022 wata ambaliyar ta auka wa gabashin Kentaki, mutum fiye da 40 suka rasu a gundumomi irin su Knott da Breathitt da Perry, dubban gidaje suka lalace, galibinsu na mutanen da ba su da inshorar ambaliya. Gwamnatin jihar ta fara kafa sababbin unguwanni a kan tudu, wasu a kan duwatsun da kamfanonin kwal suka sare wa kai suka baje. A watan Satumbar 2024 kuma guguwar Helene ta kai ruwan har ƙofar ƙungiyar: kogin Nolichucky ya yi ambaliya a gabashin Tenesi, har sai da jirage masu saukar ungulu suka kwashe mutum fiye da 50 daga kan rufin asibitin garin Erwin, tafiyar da ba ta kai awa guda ba daga Johnson City. Gina sabon gida aiki ne na duk shekara, wanda ke hannun magina da manyan masu sa kai. Yaran hutu kuwa an bar musu abin da aka san su da shi tun 1969, watau kwano da daɓe da lambatu, a gidajen da ruwan ya bari a tsaye.